Daga Sakkwato zuwa Illela a kan keke: yadda iskar hunturu ta raba ayarinmu gida uku

Mu 11 ne muka shirya tafiyar. Wata Asabar ce a cikin watan Janairu, niyyarmu mu tashi daga Ƙofar Kware, mu bi ta Kware da Gwadabawa, mu kwana Illela, mu leƙa kasuwar Lahadi, sannan mu juyo gida. Kilomita kusan 85 ne zuwa, haka kuma dawowa. Ni na tsara tafiyar, ni na rubuta lokutan a takarda na raba wa kowa, don haka ni ya kamata in zauna in bayyana abin da ya faru dalla-dalla. Masu hawan keke don motsa jiki suna ƙaruwa a garin nan, kuma na san akwai masu shirin bin wannan hanyar.

Ayarin namu gauraye ne. Akwai samari 3 masu kekunan tsere, marasa nauyi, masu siririyar taya, waɗanda kullum da safe sai sun zagaya gari. Akwai mu 6 masu kekunan gwanjo masu giya, yawancinmu malaman makaranta da 'yan kasuwa. Akwai wani yaro ɗan shekara 17 da muke ce wa Auta, wanda mahaifinsa ya damƙa mini shi amana. Sai kuma wani dattijo mai gyaran keke, duk muna ce masa Baba, wanda ya zo da tsohuwar Phoenix ɗinsa marar giya, da famfo da sholisho da faci a ɗaure bayan sirdi. Ban da mu, akwai ƙanena da ya biyo mu a mashin ɗauke da jarkar ruwa.

Lissafina a takarda mai sauƙi ne. Mun saba yin kilomita 20 a awa ba tare da wahala ba. Awa 4 da 'yan mintuna ke nan, a ƙara hutu, kafin azahar muna Illela. Na auna nisa, na auna ƙarfinmu, na lissafa kuɗin abinci. Iska kawai ban sa cikin lissafin ba, alhali a garin hunturu aka haife ni.

Sammakon da bai yiwu ba

Ƙarfe 6:15 muka ajiye, wato ana idar da sallar asuba kowa ya nufo wurin haɗuwa. Mutum 2 suka makara. Da suka iso sai aka ce sanyi ya yi yawa, a sha koko da ƙosai jiki ya ɗan yi ɗumi. Aka yi hotuna. Wani ya ga tayarsa ta sace, aka tsaya faci. Sai ƙarfe 7:50 muka ɗaga.

Tun muna tsaye Baba ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, rana ta ɗaga. Mu da munka yi shekaru muna kai kaya bisa keke, ba mu bari hantsi ya ishe mu bakin gari cikin ɗari." Na ce masa in sha Allahu za mu cike gurbin a hanya. Bai ƙara cewa komai ba.

Abin da Baba ya sani da jikinsa, masana yanayi sun san shi da awo. A lokacin hunturu, iskar da ke tasowa daga arewa maso gabas, wadda ke kwaso ƙura tun daga Sahara da kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ba ƙarfi ɗaya take bugawa wuni guda ba. Da dare sanyi yakan kwanta a ƙasa, iska mai ƙarfi ta koma can sama tana gudu, shi ya sa da asuba za ka ji gari shiru, ko ganye ba ya motsi. Rana na dumama ƙasa sai iskar sama da ta ƙasa su cakuɗe, mai ƙarfin ta sauko. Yawanci daga hantsi zuwa kusan tsakar rana ta fi zafi, sannan ta fara lafawa da yamma. Awa ɗaya da rabi da muka ɓata a bakin Ƙofar Kware, ita ce lokacin da hanya take kyauta. Da mun tashi kan lokaci, da mun wuce Gwadabawa kafin iskar ta farka.

Har Kware lafiya lau. Mun ƙetare fadamar Rima, masu lambu na ta ban ruwa, muna tafe muna hira. Awa ɗaya da 'yan mintuna muka yi. Muka tsaya kaɗan, muka wuce.

Tsakanin Kware da Gwadabawa

Ba mu yi nisa da Kware ba hazo ya fara kauri, rana ta koma fara fat kamar faifai, ana iya kallon ta da ido. Sai ledoji suka fara tsallaka titi daga dama zuwa hagu. Hanyar Illela arewa ta miƙe, iskar kuma daga arewa maso gabas take zuwa, don haka ba a goshi sosai take dukanmu ba, a kafaɗar dama da kumatun dama take sauka. Kana tuƙa feda kana kuma kokawa da kan keke kada ya karkace. Yashi na shiga haƙora. Hira ta mutu.

Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka iska mai gudun kilomita 20 a awa kilomita 20 kawai za ta rage masa, ko ta ƙara masa wahala ninki biyu. Ba haka lissafin yake ba. Abin da jikinka ke turawa shi ne gudunka haɗe da gudun iskar. A ce kana tafiyar kilomita 20 a awa, iska ta taso maka da kilomita 20, to ƙirjinka na karɓar 40. Kuma duk sanda gudun iskar da ke dukanka ya ninka biyu, ƙarfin da take tura ka baya ninki 4 yake yi. Ma'ana, in ka nace sai ka riƙe gudun da ka saba, sai ka biya ninki 4 na abin da kake biya wajen keta iska. Babu cinyar da za ta jure wannan na awanni. Sannan mafi yawan abin da iskar ke kamawa, kusan kashi uku cikin huɗu, jikin mahayi ne ba keken ba. Biyu daga cikinmu sun sa rigar sanyi mai faɗi a buɗe, ɗaya ya sa doguwar riga. Ina bayansu ina ganin yadda rigunan suka kumbura suna fal-fal. Iska na wahalar da mai kayan kara, su kuwa da kansu suka ɗauko karan.

A nan ayari ya tsinke. Samarin nan 3 suka sunkuya a kan kekunansu suka yi gaba, cikin minti 10 hazo ya haɗiye su. Mu na tsakiya kowa tasa ta fisshe shi, tsakanin mutum da mutum taku 30 ko 50, kowa na keta tasa iskar shi kaɗai. Auta da Baba da wani abokinmu suka koma baya. Ƙanena mai mashin ya rasa wanda zai bi. Ya je gaba ya ba da ruwa, ya dawo baya, ya sake komawa, kuma a duk inda ba ya nan a nan ake neman sa.

Abu na farko da ya faru, faɗuwa ce. Mutum 2 daga cikin na tsakiya sun gane cewa in ɗaya ya laɓe bayan ɗaya ana samun sauƙi, amma ba su san ƙa'idar abin ba. Na bayan ya bar tayarsa ta gaba ta shiga gefen tayar bayan ɗan'uwansa. Tirela ta zo wucewa ta hagunsu, iskarta ta tura su, ta sake jawo su, tayoyin suka gogu. Na bayan ne ya sha ƙasa, kamar yadda aka saba, don wanda tayarsa ta gaba ta taɓu shi ke faɗuwa. Allah ya sa gefen titi ya faɗa ba tsakiya ba. Tafin hannunsa da gwiwarsa suka sale, tsakuwa ta shige cikin fatar, gargaren gaba ya lanƙwashe.

Muna tsaye kansa sai ga ƙanena ya zo da gudu ya ce in zo, Auta ya sauka.

Na same shi zaune a gindin wata bishiya, ya miƙe ƙafafu, Baba na matsa masa sha-raɓa. Leɓensa ya tsattsage, akwai busasshen jinin haɓo a gefen hancinsa, gishirin gumi ya yi fari a wuyan rigarsa alhali jikinsa a bushe yake ƙamas. Na ɗaga gorarsa, ko rabi bai sha ba. Na ce, "Auta, me ya hana ka shan ruwa?" Ya ce, "Malam, ban ji ƙishirwa ba, sanyi nake ji." Na tambaye shi ko ya yi fitsari tun safe, ya girgiza kai.

Wannan shi ne makircin hunturu, kuma ina so duk mai karanta wannan ya riƙe shi. A lokacin bazara zafi na tuna maka da ruwa. A lokacin ɗari iskar busasshiya ce ƙwarai, tana ɗauke gumi tun bai taru ba, kowane numfashi kuma yana fitar da danshi daga jikinka. Kana ƙafewa ba ka sani ba, sai dai ciwon kai da ɗaurewar jijiya su sanar da kai. Muka haɗa masa ruwan gishiri da sukari, irin wanda ma'aikatan lafiya ke koyarwa, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Ya riƙa kurɓa a hankali, ya ci dabino. Na kuma lura giyarsa tana kan mafi nauyi. Tun daga Kware yake danna feda da ƙarfin tsiya don kada a ce ya gaza. A cikin iska, giya mai sauƙi ake komawa, ƙafa ta riƙa juyawa da sauri ba nauyi, a haƙura da gudu.

Tsakanin Kware da Gwadabawa bai kai kilomita 20 ba. Na gaba sun isa tun wajen 10:40. Mu na ƙarshe sai da 12 ta gota.

Shawarar da aka yanke a Gwadabawa

A wata rumfar mai shayi muka haɗu, kusa da inda aka jibge buhunan albasa. Rai a ɓace. Wanda ya faɗi ya ce samarin sun watsar da jama'a. Su kuma suka ce ba wanda ya gaya musu a tsaya tare, kuma tafiyar hawainiya cikin iska ta fi gajiyar da su. Na saurari kowa. A ganina samarin sun yi kuskure da ba su waiwaya ba, don wanda ya fita da mutane ba ya isa masauki ya zauna shan shayi bai san inda sauran suke ba. Amma babban laifin ba nasu ba ne. Takardar da na raba ta faɗi inda za a tsaya da abin da za a ci, ba ta faɗi wa zai ja gaba, wa zai tsare baya, ko me za a yi in an rabu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saura sama da kilomita 45. Magariba a wannan lokacin wajen 6:30 take yi, kuma tun a gida mun yi alkawarin dare ba zai same mu a hanya ba, saboda halin tsaro da kowa ya sani a yankin gabashin jihar da kan iyaka. Wasu suka ce a juya gida, iska za ta tura mu. Wasu suka ce a zuba kekuna a mota. Samarin suka ce a tashi yanzu-yanzu a ci gaba.

Baba yana gefe yana miƙe gargaren da ya lanƙwashe, yana ɗaure wayoyin taya ɗaya bayan ɗaya yana juyawa yana dubawa. Bai ɗago ba ya ce, "Iskag ga ba a yi mata ƙarhi. Wanda duk yac ce shi karya ta, ita ka karya shi. Ku bari ta rage, mu yi salla, mu ci abinci. In mun tashi kuma, kowa shi ɓoye bayan ɗan'uwa nai, a riƙa canji. Masu ƙarhin ga su daɗe gaba, mu tsohi mu taɓa kaɗan mu koma."

Shawararsa aka bi, da gyara guda. Na ce Auta da wanda ya ji rauni ba za su ƙara hawa ba a ranar. Auta ya yi ta roƙo har da hawaye, ya ce ya warke. Na ƙi. Wanda jijiyarsa ta ɗaure sau ɗaya saboda ƙarancin ruwa, awa ɗaya ba ta isa ta mayar masa da abin da ya rasa, kuma amana ce a hannuna. Muka sa su a motar haya zuwa Illela, aka ɗaure kekunansu a but. Har yanzu ina ganin wannan ce shawara mafi daidai da na yanke a duk tafiyar, ko da yake ita ta fi yi mini ciwo.

Muka sha fura da nono, muka yi sallar matafiya, muka haɗa azahar da la'asar. Baba ya bi kekunan ɗaya bayan ɗaya da tsumma da kananzir. Da yawanmu mun shafa wa kaca baƙin mai tun a gida, ƙura ta manne ta zama kamar kwaɓaɓɓen yashi, tana cin kaca tana cin ƙarfinmu. Ya wanke, ya ɗiga mai kaɗan, ya goge sauran. Masu manyan riguna suka cusa su cikin wando, wasu suka ɗaure da igiya. Kowa ya shafa man kaɗanya a leɓe da cikin hanci, ya rufe baki da ƙyalle.

Yadda muka jera

Ƙarfe 1:45 muka tashi, mu 9. Iskar ba ta mutu ba, amma ta rage haushi.

Wanda ya laɓe daf da bayan wani yana samun ragin kusan kashi ɗaya cikin uku na turjiyar iska. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi ne bambancin wanda zai kai da wanda zai sauka. Sai dai da yake iskar daga dama take karkato mana, inuwarta ba a bayan mutum sak take ba, tana bayansa ta ɓangaren hagu. Masu tseren keke a Beljiyam da Holan, inda iskar teku ke bugawa daga gefe, sukan jera a karkace su cike faɗin titi, amma su an tare musu motoci. Mu a Najeriya dama muke bi, don haka hagunmu shi ne tsakiyar titi, inda tireloli ke wucewa. In mutum 9 suka jera a karkace, na ƙarshe zai tsinci kansa a bakin mota.

Abin da muka yi shi ne muka rabu biyu, 5 da 4, da 'yar tazara a tsakani, kowane rukuni da mai ƙarfi a ciki. Na gaba ya kama bakin titi na dama sosai. Na bayansa ya ɗan goce hagu kamar faɗin tafin hannu biyu kawai, ya bar tazarar rabin taya ko fiye, kuma an hana kowa shigar da tayarsa gefen ta wani. Ƙanena ya koma bayanmu gaba ɗaya da mashin, ba ya wuce kowa. In ya hango babbar mota sai ya yi oda sau 2, mu koma layi ɗaya sak har ta wuce. Ba a taka birki ba gaira ba dalili, in za ka rage gudu ka faɗa da baki. Rami kuma na gaba ne ke nuna shi da hannu.

Canjin gaba da ƙidaya muka yi shi. Mai matsakaicin ƙarfi ya juya feda 100 ya ja baya. Samarin nan sukan yi 300, wani lokacin fiye. Baba kan yi 40 ko 50 a Phoenix ɗinsa, ba wanda ya ce masa komai. Doka mafi wuya ita ce ta gudu: in ka karɓi gaba ba ka ƙara sauri, ƙarfinka a daɗewa za ka nuna shi. Sau biyu ɗaya daga cikin samarin ya manta ya ja da ƙarfi, layi ya tsinke, muka kira shi ya dawo. A karo na uku shi da kansa ya riƙa waiwaye. Duk minti 15 kuma ƙanena ya yi doguwar oda, kowa ya sha ruwa, ko yana jin ƙishirwa ko ba ya ji.

Ba zan manta lokacin da na fara komawa baya bayan na gama nawa turin ba. Ƙarar da ke kunnena tun safe ta ɗauke, har ina jin kacar wanda ke gabana tana juyawa, ina jin numfashinsa. Ƙafata ta yi sakayau. Gudunmu bai wuce kilomita 10 zuwa 12 a awa ba, amma ba ya yankewa, kuma ba wanda ya sauka. Mun tsaya sau 2, minti 10 kowanne. Wajen ƙarfe 5 iskar ta kwanta sosai. Mun shiga Illela ana shirin kiran magariba, Auta na tsaye bakin hanya yana jiranmu da ledar ruwa a hannu biyu.

Dawowa

Washegari bayan mun zaga kasuwar dabbobi, da gangan muka bari hantsi ya yi, don iskar da ta wahalar da mu jiya ta biya mu. Ta kuwa tura mu, mu 11 cif, har wanda ya ji rauni. Abu biyu kawai zan faɗa. Na ɗaya, in iska na bayanka ba ka jin sanyinta, zafi kan taso maka, kuma gudu kan ruɗe ka ka afka rami. Na biyu, ba ta biyan bashin duka. A ce ka je da gudun 12 ka dawo da gudun 28 a kan kilomita 85: zuwa awa 7, dawowa awa 3, jimla 10. Ranar da babu iska, da gudun 20, awa 8 da rabi ne zuwa da dawowa. Mai cewa "ai za mu rama a dawowa" bai yi lissafin lokacin da zai daɗe cikin wahalar ba.

Bayan mako ɗaya muka zauna muka sake rubuta takardar. Yanzu kafin kowace tafiya mutum 2 za su duba hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, da na waya tun daren jajibiri, ba zafi ko sanyi kaɗai ba, har inda iska za ta fito da ƙarfinta. In tafiyar arewa ko gabas ce tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ana idar da asuba za a tashi da fitila, wanda ya makara ya biyo mu a mota. An sa sunan mai jan gaba da mai tsaron baya. An kuma ware safiyar Asabar biyu don koyon jeri da canji a hanyar da ba motoci, tun da mun ga abin da rabin sani ya jawo.

Akwai abin da ba mu daidaita a kai ba har yanzu. Biyu daga cikin samarin na son a riƙa raba tafiya gida biyu tun daga farko, masu sauri daban, sauran daban. Ina fahimtar su, kuma a tafiyar zagaya gari ban ƙi ba. A doguwar hanya cikin hunturu kam ban yarda ba, don na ga abin da bayansu ya yi wa Baba da ni kaina tsakanin Gwadabawa da Illela.

Tafiya ta gaba Wurno muka sa, mu ziyarci hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta fi Illela kusa, amma hanyar ta fi karkata gabas, don haka iskar a goshi za ta same mu. Na je na sanar da mahaifin Auta duk abin da ya faru, ban rage komai ba. Ya yi shiru, sannan ya ce ya yarda yaron ya sake bin mu, da sharaɗin a bayan Baba zai jera.